Ya Ɗora Jirgi a Sikeli, Ya Ce Ni Ce Na Yi Nauyi

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Idan na gaya wa matan cocinmu, kafin Lahadi duk garin ya ji.

Mijina Delmar makanikin injinan gona ne da ya yi ritaya. Shekara tara ke nan muna ƙera ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a garejinmu. Da gangan na ce "muna". Duk ƙusar da ke jikin jirgin nan mutum biyu ne suka sa ta: shi yana waje yana bugawa da bindigar iska, ni ina ciki na tokare ta da guntun ƙarfe. Ni ce mai rarrafawa cikin wutsiya, don kafaɗunsa ba sa shiga. A can ƙarar bugun ta kashe mini kunnen hagu, yanzu ko jikata ta kira sai na juya wayar zuwa dama. Ban taɓa ƙorafi ba, domin tun farko ya ce kujerar dama tawa ce, za mu riƙa zuwa Montana wurin 'yarmu Marlys. Ni na ɗinka rigar kujerar ma da hannuna.

Sai aka zo maganar inji. Maƙwabcinmu Lyle yana da injin jirgi na ainihi, irin wanda aka zana jirgin dominsa, ya ce mu ɗauka. Delmar ya taɓe baki, wai wannan injin kakanni ne. Ya je ya ciro injin wata motar tsere da ta yi hatsari, irin wanda babu fistin a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa. Wai ba ya jijjiga, wai kayan cikinsa kaɗan ne. Sai ga shi injin na son lagireto biyu da ruwansu, da akwatin giya don farfela, da wani ƙaton salansa, don ƙararsa har karnukan unguwa take tayarwa. Hancin jirgi ya rinjaya, Delmar ya mai da batir wutsiya, ya ƙara dalma a can don daidaita nauyi. Ga shan mai kamar rariya, ba ya kai Montana sai an cika tanki fal.

Ranar Asabar aka auna jirgin. Kin san yadda ake yi: 'yan ƙungiyar masu ƙera jirage su taru a rumfar jirage, a sa sikeli ƙarƙashin kowace taya, a ci fanke a sha kofi. Ni na soya fanken. Delmar ya gama lissafi, ya ga nauyin ya wuce ƙa'ida, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Maman Marlys, sai fa kin sauke laba talatin, in ba haka ba jakata ce za ta zauna a kujerar nan." Suka kwashe da dariya. Wani har ya ce, "Madam, ajiye fanken nan, man jirgi kike cinyewa!" Na yi dariyar ni ma, na fita na zauna a mota ina kuka. Mutumin da tumbinsa ke taɓa sandar tuƙi, shi ne yake auna ni!

Tun ranar ganye nake ci kamar zomo, shi kuwa bai ma lura ba. Wallahi na tsani injin nan, kuma na fara jin tsoron ba injin kaɗai na tsana ba. Saura farantin ƙarfe ɗaya na ƙasan jirgin ba a kafe ba, ya ce in shirya rarrafe ranar Asabar mai zuwa. In ci gaba da yunwa, ko in haɗa kayana in hau bas zuwa Montana?

Mai Kunne Ɗaya, daga Nebraska

Ya ke Mai Kunne Ɗaya,

Da farko, ki tashi ki ci abinci.

Zan ba mijinki haƙƙinsa. Sikeli ba ya ƙarya, kuma matuƙin da ya ƙi ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa ranki yake karewa. Kada ki taɓa ɓoye masa nauyinki don ki samu shiga. Injin da ya zaɓa ma ba hauka ba ne, akwai masu tashi da shi lafiya lau, kuma makaniki na son abin da zai nuna gwanintarsa. Ina kyautata zaton kunya ce ta kama shi da ya ga lissafin a gaban abokai, sai ya juyar da dariyar kanki.

Amma wannan ba uzuri ba ne. Nauyinki bai canza ba tun ranar da aka yi miki alkawari, jirgin ne ya yi ƙiba, kuma shi ya ciyar da shi. Ya zaɓi inji shi kaɗai a jirgin da mutum biyu suka ƙera, ya kuma ci mutuncinki a bainar jama'a. Ɓacin ranki a kan hanya yake.

Kada ki hau bas tukuna. Ku zauna ku biyu a kicin, babu 'yan ƙungiya. Ki gaya masa abin da dariyar nan ta yi miki, da bakin da kika gaya mini. Sannan ki yi masa tambaya ɗaya: jirgin mutum nawa muke ƙerawa? In ya ce biyu, to laba talatin ɗin daga jikin jirgi za su fita. Ko ya kira Lyle, ko ya kawo wani masani daga waje ya duba abin da za a iya ragewa, ko ku rage man da za ku ɗauka, ku yarda da yada zango a hanya don shan mai. In kuma ya ce ɗaya, gara ki ji daga bakinsa.

Kafin ya amsa, kada ki shiga cikin jirgin nan. Ranar Asabar ki ajiye masa guntun ƙarfen kusa da bindigarsa, ki koma cikin gida. Bari ya tsaya a waje da ƙusa a hannu, ya ga ko jakarsa za ta tokare masa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya kai ki wurin jikokinki lafiya, a kujerar da kika ɗinka.

Anti Verna