Na Bar Nasiru Ya Shiga Jirginka

Malam,

Assalamu alaikum, da fatan makwanci ya yi maka sanyi. Na san ba ka karanta wagga takarda. Amma in ban gaya maka ba, wa zan gaya ma?

Batun autanmu Nasiru ne. Ka tuna ranar da farfaɗiya tak kada shi cikin ruwa bakin madatsa, kac ciro shi da ƙyar? Ran nan ka sa na yi maka alkawarin ba ya sake shiga jirgi in dai ina numfashi.

Bayan rasuwarka, magunguna sunka gaza, ƙanenka Haruna ya kai shi babban asibiti anka yi mishi aiki. Wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana ba sunka sa ƙarƙashin fatar ƙirjinai, da siririyar waya da sunka naɗa ma jijiya guda a wuyanai. Ita kaɗai take taɓawa da ɗan lantarki, ta bar sauran. Wallahi da na ji, cewa na yi za su mai da min ɗa rediyo! Haruna ya sha zagi, bawan Allah.

Yanzu sai wata ya tsaya ya mutu bai faɗi ba. In na'urar tana aiki muryatai takan dushe, shi ke nan. Akwai maganaɗisun da yake ɗaurawa a hannu, in ya ji abin na tahowa ya shafa a ƙirji. Tsofaffin Goronyo sun ɗauka kambu ne, har ana tambayata wane malami ya ba shi.

Likita dai bai ɓoye muna ba: sauƙi ne, ba warkewa ba, kuma kada ya shiga ruwa shi kaɗai.

Malam, yaron nan ya zama namiji. Sa'o'inai duk suna kan ruwa, shi yana tudu yana ɗinkin komar kamun kifi cikin tsofaffi. Bai taɓa roƙona ba. Kallon da yake yi ma ruwan ne ya hana ni sakat. Da kai ne, mi za ka yi?

Yau da safe na bar shi ya tafi cikin jirginka, Haruna na bayanai. Ga azahar ta yi ba su dawo ba, tuwo na gabana ban taɓa ba. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Ka yafe min alkawarin. In Allah ya dawo min da shi lafiya, gobe ma barin shi zan yi.

Allah shi ƙara maka rahama, sai mun taras da kai.

Taka,
Hajara, uwar ɗiyanka