Akuyar Bitrus

Haɗeja, daren Laraba, ranar Kirsimeti

Raina a ɓace yake. Da asuba Bitrus, akawun kantin gyaɗa, ya kira ni in yanka masa akuya, don maƙwabta Musulmi su iya cin abincin sallarsa. Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na yanka. Matarsa ta dafa da shinkafa, na rarraba a unguwa.

Sai Kawu Garba ya tare ni, shi da 'yan jam'iyyarsa. Wai ana neman mulkin kai, ni ina yawo da abincin sallar Bature. "Kuma wa zai ci yankanka, ja'iri? Kai da ka sa wa ladan kwaɗo a buta!"

Kwaɗo kam na sa. Amma ban taɓa wasa da sunan Allah a kan wuƙa ba!

Kwanukan duk suka dawo da abinci a ciki. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Da matar Bitrus ta buɗe na gidan Kawu, shinkafa na nan cif, nama ko tsoka ɗaya babu.

Gobe, a gaban 'yan jam'iyyar tasa, zan durƙusa in miƙa masa tsinken sakace.