Tunda Aka Ɗauke Malama Rifkatu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Gwandu sai godiya.

Yaya, an mayar da Malama Rifkatu Kalgo, wadda ke koyar da mu a ajin yaƙi da jahilci. Tun da sanƙarau ya tafi da jina, bakin mutum nake kallo, ita kuwa ba ta taɓa magana tana fuskantar allo ba, sai ta juyo ta dube ni.

Sabuwar malamar ba ta da mugun hali, amma niƙabi take sawa, ba ta cirewa saboda tagar ajin na kallon hanya. Na roƙe ta, sai ta kama hannuna ta zaunar da ni a gaba. Me zaman gaba zai yi mini, Yaya? Mata na amsawa suna dariya, ni ina kallon baƙin ƙyalle yana motsi. Na daina zuwa.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna Kulu. Wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta. Ki adana, ina jin iyakar karatuna ke nan.

Ƙanwarki,
Balkisu