Faifan Inna a Jikin Bango

Zuwa ga Innata, marigayiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Allah, ina yi miki albishir: kin zama babbar mai fasaha. Ni ma ban sani ba sai da masu ilimi suka faɗa min, kuma kin san masu ilimi ba sa kuskure, balle idan sun sa baƙaƙen kaya da tabarau.

Ga yadda aka yi. Akwai wata ɗaliba 'yar ƙasar Kirgistan, Aigul, da ke zuwa shagona a unguwar Setapak, nan ƙasar waje da nake zaune, sayen yaji. Ranar nan ta ja ni wani zauren nunin kayan fasaha a tsakiyar gari. Wata cibiyar fasaha daga ƙasarsu ce ta kawo dardumomin gashin tumaki irin na kakanninsu, an rataye su a bango, an haska musu fitila, ga wata na'ura tana ta kukan iska. Ba a takawa, ba a zama. Na miƙa hannu in ji kaurinsu, kamar yadda kika koya min kafin a taya kaya, sai mai gadi ya ce min tak boleh, wato an hana, da yaren mutanen nan.

Bayan kwana biyu Aigul ta kawo shugabar nunin gidana cin tuwo. Matar ta ga faifanki a kan kwano, mai ja da koren nan da kika saƙa, kika yi shekaru kina rufe mana abinci da shi. Ta manta da tuwon. Tana so a rataye shi kusa da dardumominsu, idan an tashi kuma ya bi su ƙasarsu ya zauna a cibiyar. Na ce su ara na sati biyu, maganar tafiya sai na yi shawara.

Kin san tarbiyyarki. Kullum kina cewa kayan da za su shiga gidan mutane ba sa fita da dauɗa. Sai na sa sabulu da burushi na dirje shi tas. Tabon miyar kuka da shatin manjan da ke gefe duk suka fita.

Inna, da na kai shi zauren matar ta gani, sai da ta dafe ƙirji. Wai tabon shi ne aikin. Wai tarihi na wanke. Aigul tana dariya har da hawaye, ta ce kakarta ma haka ta yi musu: da aka je neman tsohuwar dardumarta, ɓoyewa ta yi don kunya, ta fito da sabuwa fil.

Na taya ta dariya, amma a bas ɗin komawa na kasa zama. Shatin nan na gefe na babban yatsanki ne. A nan kike kamawa ki ɗaga, ki ce in zo kafin tuwo ya huce. Shekara shida yana gabana ban lura ba, sai da baƙuwa ta yi kukan rashinsa, bayan na goge shi da hannuna.

Yanzu yana can a bango, tsaf, ga sunanki a ƙasa an rubuta ba daidai ba. Kullum sai na rufe shago da wuri, in hau jirgin ƙasa in je in tsaya a gabansa. Mai gadin ya gane ni. Da na matso sai ya yi gyaran murya. Tuwona kuwa da faranti nake rufewa, gumi yana jiƙa shi.

Jibi za su naɗe kaya, amsata suke jira. Idan na bari ya tafi, mutanen da ba su taɓa ganin tuwo ba za su riƙa tsayawa a gabanki da ladabi, abin da ba ki samu ba kina raye. Idan na karɓo, kan kwano zai koma, ya yi sabon tabo, nawa, har ya tsinke ya ƙare.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ni kuma ya yafe min burushin nan.

'Yarki mai tsaftar tsiya,
Hajara

Af, Inna, ke da kika saƙa shi: faifan da ba ya rufe komai, mene ne sunansa?