Gwangwanin Ɗakin Su Baba Haliru

Lahadi, 8 ga Satumba, 2024

Dokta Bindu ta amince a saka 'yan Najeriya cikin gwajin. Alhamdulillahi. Na fito daga ofishinta ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar hauka.

Bari in rubuta dalla-dalla don ranar da zan manta wahalar nan. Dokta 'yar Kerala ce, ita ke koyar da mu Ayurveda a cibiyarmu, wato maganin gargajiyar Indiya. Kakanta mai magani ne a ƙauyensu, ita kuma ta haɗa da boko har ƙarshe. Burinta a gwada magungunansu da ma'aunin kimiyya, wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi a daina ruɗin mutane da shi. Namu gwajin a kan shallaki ne, wani ƙaron itace da suke bayarwa don ciwon gaɓoɓi. Ranar da ta fara miƙo min shi na shinshina, sai da na ce, kai, wannan ai hano ne. Ashe dangi ne. Sai na ji kamar ina tsakar gidanmu a Malumfashi, Goggo ta ɗora tukunyar saƙe-saƙinta.

Masu ciwon gwiwa muke nema. Ni na ce mata ga masu gadi nan birjik a unguwar West Bay ta nan Doha, suna yini a tsaye bakin dogayen benaye, kuma da yawansu Hausawa ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce za su bi ƙa'ida? Na bugi ƙirji na ce ni ce zan tsaya musu.

Digirina kacokan a kan wannan gwajin ya rataya. Wa'adin karatuna baɗi zai ƙare.

Talata, 10 ga Satumba

Rukayatu ta sake shanye min yogot. Da sunana a jikin robar, IKILIMA, da manyan baƙaƙe. Gida ɗaya muke haya, ba ciki ɗaya muka fito ba. Na dai ƙara rubuta sunan a kan kwalbar yajina da man shanun da Mama ta aiko.

Juma'a, 20 ga Satumba

Yau suka zo, bayan an sauko daga masallaci, don ita ce ranar hutun yawancinsu. Mota guda daga masaukinsu na Mu'aither, duk gini ɗaya. Babbansu Baba Haliru, mutumin Gumel, furfura ta cinye gemu, ya fi kowa daɗewa a Doha. In ya yi gyaran murya kowa sai ya yi tsit. Yana ce min 'yata, sauran kuma Likita. Na gaya musu ni ba likita ba ce tukuna, ba wanda ya saurare ni.

Na yi musu bayani da Hausa tsantsa, ban ɓoye komai ba, haka dokar bincike ta ce. Kowa zai samu kwalbarsa mai lamba. Rabinsu kafson da ke ciki shallaki ne, rabi kuwa garin sitaci ne zalla, ba magani ba cuta. Kamanninsu ɗaya. Ba su san wanne suka samu ba, ni ma ban sani ba, Dokta ma haka, sai an gama a buɗe. Ta haka ne kaɗai za a gane ko maganin ne ke aiki ko kuwa sa rai.

Baba Haliru ya sa na maimaita wajen rabi da rabin nan. Na maimaita. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce Allah ya ba da sa'a. Duk suka sa hannu.

Akwai wani Sabo, ba zai wuce arba'in ba, amma da ƙyar ya hau gadon awo. Gwiwar dama ta kumbura suntum. Ya ce in kamfani suka lura yana ɗingishi, khalas, shi ke nan, sai gida, ga yara biyar a Ringim. Ya faɗa yana dariya, ni kuwa dariyar ba ta zo min ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ajin Dokta. Ta kama hannun wani ɗalibi da yatsu uku tana koya mana sauraren jijiya irin tasu, ta sa shi ya zaro harshe, aji ya ɗauki dariya. Ta ce a wajensu ba a fara da ciwo, da mutum ake farawa: me yake ci, yaushe yake barci, da wa yake zaune. Daga nan ta juya ta ce amma duk wannan ba ya hana a auna, kakanta ma ya yi kuskure a wasu abubuwan kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Ina son matar nan. Tsoronta ma nake ji.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Awon tsakiya. Kusan kowa ya ce da ɗan sauƙi. Ba wanda ya ce ya warke, ba wanda ya ce babu canji. Duk bakinsu ɗaya, har abin ya ɗan tsaya min a rai. 'Yan Nepal da 'yan Indiyan da ke cikin gwajin ba haka suke ba, nasu wani sama wani ƙasa. Wataƙila kara ce irin tamu, ba a son a ce wa mai ba da magani bai yi ba.

Da yamma na taka a Corniche, titin nan na bakin teku. Zafi ya fara sassautawa. Na sayi shayin karak na zauna ina kallon jiragen katako, ni kaɗai.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce kowa ya zo da kwalbarsa in ga abin da ya rage. Sabo ya laluba aljihu ya fito da 'yar leda an ƙulle, kafso a ciki. Na ce ina kwalbar? Ya ce ai kwalaben suna ɗaki, wannan na aiki ne ya ɗebo daga gwangwani. Na ce wane gwangwani? Ya dube ni kamar ni ce ban gane ba. Gwangwanin madara, babba, yana kan firjin ɗakinsu. Tun daren farko suka juye duka a ciki, aka girgiza, kowa yana ɗiba safe da yamma. Da sauran ɗakunan suka ji, su ma suka kawo nasu.

Dukansu. Tun farko.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce kun san abin da kuka yi min kuwa? Sabo ya sunkuyar da kai yana murza ledar. Namiji da 'ya'ya biyar, na tsaya a kansa ina faɗa kamar ɗan firamare. Na sallame su duka ba tare da na gama awon ba.



Asabar, 2 ga Nuwamba

Ban fita ba. Ba wanda ya sani sai ni da su. Kwalabe suna nan da lambobinsu, in na ce su mayar da kafso ciki su kawo, takardu za su tafi daidai, ba mai tambaya. Sakamako zai fito wani iri, a ce shallaki bai yi wani tasiri ba, in rubuta, in kare, in tafi gida.

Sai dai ƙarya za a yi wa maganin. Da Dokta. Da duk wanda zai karanta ya yarda.

Rukayatu ta ƙwanƙwasa ta ajiye min faten doya a bakin ƙofa. Ban tambaye ta ba. Na cinye tas.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Baba Haliru ya zo cibiya da kakinsa na aiki, ya nemi wani ya riƙe masa ƙofa na awa biyu. Ya rungumo gwangwanin a cikin jakar leda, ya ajiye min a tebur. Ya ƙi zama sai da na ce don Allah.

Ya ce kada in ga laifin Sabo, shi ya yanke, shi ne babba. Na ce Baba, ai na yi muku bayani. Ya ce ƙwarai, bayanin ne ma ya kawo haka.

"'Yata, ke da bakinki kika ce rabinmu magani, rabinmu gari. Sabo a kan kujera yake sallah, ya fi wata uku goshinsa bai taɓa ƙasa ba. In ya zamana nawa ne na gasken, nasa gari, ina haɗiya yana kallona, da wane ido zan dube shi? A faranti ɗaya muke ci. Shi ne na ce a haɗa, kowa ya samu wani abu."

Na dai ce masa yanzu ba za a taɓa sanin ko maganin yana aiki ba, kuma karatuna na iya tafiya a haka. Wallahi bai san abin zai kai nan ba, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Ashe mun cuce ki." Ya ce in kai shi wajen Malamar ya faɗa mata da kansa.

Na ce a'a, ni zan je. Sai da na faɗa na san na yanke.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na ɗauki gwangwanin na shiga ofishinta. Na faɗi komai a tsaye. Ta cire tabarau ta ajiye, ta dubi gwangwanin. Na jira ta tuna min da ƙirjin da na buga.

Tambaya ta yi. Ta ce mun tambaye su nauyinsu, da shekarunsu, da awa nawa suke tsayuwa, to mun tambaye su yadda suke zaune? Na ce a'a. Ta ce kowane mako tana tsayawa gaban aji tana cewa a tambayi mutum da wa yake ci, ga shi ita ma ba ta tambaya ba. Wai kakanta in zai haɗa wa mutum ɗaya magani sai ya ƙara, don ya san maƙwabci zai zo ya ɗiba.

Amma ba ta sassauta ba ko kaɗan. Duk sakamakon 'yan Mu'aither an zubar. Za a sanar da kwamitin ɗa'ar bincike yau ɗin nan, kuma ni zan rubuta da hannuna. Wanda ya rage bai isa a ce komai da shi ba, sai an sake daga farko. Ba zan gama baɗi ba. Sai na roƙi ƙarin wa'adi, kuma ba tabbas.

Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo na rubuta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na gaya wa Mama a waya ba zan dawo da wuri ba. Ta ce me ya faru, na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce yo ke da me kike tsammani? Haushi ya kama ni na ce chaji ya ƙare.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kwamiti. Wani farfesa ya ce a cire irin waɗannan mutanen gaba ɗaya, a nemo masu ilimin da za su fahimta. Na ce sun fahimta sarai, fahimtar ce ta sa suka yi. Ban san muryata za ta fita haka ba. Dokta ba ta dube ni ba, amma na ga ta rubuta wani abu.

Shawararmu ni da ita: a daina raba kwalba mutum-mutum. A raba gida-gida, duk waɗanda ke ci tare su samu iri ɗaya, a nemo wasu masaukan a wasu unguwanni. In an gama kuma aka ga yana da amfani, waɗanda suka sha gari a ba su na gasken. Sun ce za su duba.

Sabo mun cire shi daga gwajin, an tura shi wajen likitan ƙashi. Tun ranar farko ya kamata a yi haka. Na ba shi haƙuri a kan faɗan da na yi masa, ya ce wane faɗa?

Talata, 10 ga Disamba

Sun amince. Ƙarin wa'adina ma ya fito, rabin abin da na roƙa. Zan yi ta gudu ke nan.

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

An sake farawa. Sanyi har da rigar ɗumi a Doha.

Na yi bayanin sabon tsarin, Baba Haliru ya sa na maimaita kamar wancan karon. Ya tambaya, to mutanen sabon masaukin da aka ƙaro a Wakra fa, in su suka samu gari? Na ce za su samu nasu a ƙarshe, Dokta ta yi alkawari a gaban kwamiti. Ya ce a gaya mata ya riƙe amana, ƙwaya ɗaya ba za ta ƙetare ƙofar gininsu ba. Na fassara mata. Ta haɗa tafukanta a ƙirji irin gaisuwarsu, shi kuma ya dafa nasa ƙirjin.

Na yarda da shi. Ban rubuta wannan a rahoto ba, ba gurbinsa.

Sabo ya zo rakiya. An zuƙe masa ruwan gwiwar, an mayar da shi ɗakin kallon kyamarori, yana aiki a zaune. Ya ce jiya ya kai goshi ƙasa a sallar asuba.

Na miƙa wa Baba gwangwaninsa, ya ce in riƙe, ba sa son ganinsa a ɗakin kuma.

Lahadi, 12 ga Janairu

Saƙon Mama ya iso ta hannun wata mai zuwa: dakuwa da alkaki, ɗan kaɗan, wanda da sai in ja shi wata guda a cikin akwati. Ban sami abin zubawa ba sai gwangwanin nan. Na wanke shi na juye, na ɗora a kan firji.

Rukayatu ta shigo ta ɗaga shi, ta jujjuya tana neman suna. Ta ce na waye? Na ce a ci.

Alƙalamin rubuta sunan yana cikin jakata, na gan shi ɗazu. Gajiya ce kawai ta hana ni tashi in ɗauko.