Ƙorafi Kan Umarnin Sakin Masai Cikin Ruwan Sama

Siwema Athumani Mkwizu,
Gida mai lamba 14, Layin Msufini,
Unguwar Kilimani, Lugongwe.
8 ga Mayu, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Majalisar Garin Lugongwe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN BIN UMARNIN DUBAGARI, DA TAKARDAR RUFE GIDAN HAYA MAI LAMBA 14

Bayan gaisuwar girmamawa, ina sanar da kai cewa ranar 17 ga Afrilu jami'inka Bwana Gaudence Lyimo, dubagarin unguwarmu, ya ba ni umarni a tsakar gidana, a gaban 'yan hayata, na kuma ƙi bi. Har yau ban bi ba, ba ni da niyyar bi. Na ga ya fi dacewa ka ji daga bakina, tare da dalili.

1. Ni ce mai gidan da aka ambata, mai ɗakunan haya shida, wanda na gada daga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ina koyarwa a makarantar sakandaren Bondeni. Da Majalisa ta kira taron masu gidajen haya a watan Fabrairun bara, na je na zauna a sahun gaba. An karanta mana nauyin da ke kanmu: rufin da ba ya yoyo, ruwa mai kyau, bayi mai tsafta. An kuma yi mana alkawari a lasifika cewa duk wanda ya yi rajista, motar zuƙar masai ta Majalisa za ta zo masa idan ya nema. Na yi rajista. An ba mu shayi da mandazi, wato fanken garin nan, da takardar shaida mai hatimi. Takardar tana jikin bangona. Motar ce dai ba ta taɓa tsayawa a ƙofata ba.

2. Ranka ya daɗe ya san yadda ake yi a Kilimani, ko da ba a rubuta a ko'ina ba. Magini yakan bar bututu a gindin ramin masai, a toshe da guntun itace. Idan ruwa ya kece, sai a zare itacen, masai ya yi amai cikin kwata, ruwa ya gangara da shi Bondeni, unguwar da ke kwari ƙasa da mu. In an ɗauke, kowane mai gida ya fito cikin farar riga yana yi wa maƙwabcinsa barka da ruwa. Mahaifiyata haka ta tarar, haka ta yi. Ni kuwa ta Bondeni nake bi kullum. Ina ganin ɗalibaina mata sun tattare siket, takalma a hannu, suna ratsa wannan ruwa, su zo su zauna a gabana in koya musu yadda kwalara take yaɗuwa. Na san kuma inda rijiyarsu take. Satin da gidan ya zama nawa na kira magini ya liƙe bututun da siminti.

3. Tun watan Janairu, kafin damina, na nemi motar a ofishin lafiya. Aka ce ba mai. Na koma, aka ce direba ya tafi jana'iza garinsu. Na sake komawa, aka ce layinmu ya yi wa motar tsuku. Motocin 'yan kasuwa kuwa Majalisa ta hana su aiki a garin nan tun da ta sayi tata. Ranar 3 ga Afrilu na ga motar da idona ta shigo layin nan da baya, ba ta gogi bango ko ɗaya ba, har ƙofar masaukin baƙin da ke ƙarshensa. Da ta gama na tsaya a gabanta da takardata. Direban ya yi ta danna mini ham har na kauce.

4. Ranar 17 ga Afrilu ramin ya riga ya kawo wuya, hadari kuma ya haɗo. Bwana Lyimo ya leƙa bayin da hankici a hanci, ya ce in sa a fasa simintin kafin ruwa ya sauko. Na roƙe shi cikin ladabi ya rubuta mini umarnin, ya sa hannu. Sai ya juya wajen 'yan hayata yana dariya, ya ce su dubi 'Yar Digiri, wai so take a buga wa kashi hatimi. Ya ce uwata da ba ta taɓa riƙe biro ba ta fi ni hankali. Ya ƙara da cewa mutanen Bondeni sun saba, cikinsu ya yi ƙwari. Wannan kalma ta ƙarshe ina roƙon a shigar da ita fayil yadda ya faɗe ta.

Washegari abin da ya yarda ya sa wa hannu ya iso: takardar rufe gida saboda ƙazanta, manne a ƙofar waje, da wa'adi zuwa ƙarshen wannan wata na Mayu. Gidajen da suka saki nasu a ruwan ranar duk ya zaga su, ya tarar da ramukansu wayam, ya rubuta musu shaidar tsafta.

5. Na sa kwaɗo a bayin 'yan haya, na buɗe musu nawa na cikin ɗaki, mai ɗan raminsa daban. Magidanta da matansu da 'ya'yansu suna ratsa falona da buta a hannu ina duba takardun jarrabawa, muna kawar da kai daga juna. Ni nake wanke shi kafin in tafi makaranta, in sake wankewa in na dawo. Ramin nawa ma ya kusa cika. Maƙwabtana masu gidaje sun daina amsa gaisuwata, wai na mai da su ƙazamai. Ban kira sunan kowa ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) a turo motar gida mai lamba 14 kafin wa'adin ya cika;
(b) a janye takardar rufewa;
(c) a tambayi Bwana Lyimo, a gabana idan ya yiwu, ko umarnin nan nasa ne ko na Majalisa. Idan na Majalisa ne, a aiko mini shi a rubuce, in kai Bondeni in karanta musu.

Ba na so a ɗauka ina rubutu ne daga inuwa. Ɗakuna huɗu cikin shida sun zama kufai. Ta ƙarshen fita ita ce Bi Chausiku mai waina, wadda ta kama ɗaki a gidan nan tun ba a haife ni ba, ta goya ni, ta yi wa mahaifiyata wankan gawa. Masu saye sun daina tsayawa a ƙofar da aka rubuta wa ƙazanta. Ranar Asabar ta ɗora tandarta a kan baro, ta ce in yafe mata, gaskiyata ce amma ita da waina take ci. Ni na ɗaure mata katifarta. Idan wata ya ƙare motar ba ta zo ba, gidan da mahaifiyata ta gina ɗaki bayan ɗaki zai rufe a hannuna. Na san haka. Simintin yana nan inda yake.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci. Ina jiran amsa cikin ladabi.

Taka mai biyayya ga doka,

Siwema A. Mkwizu
Mai gida mai lamba 14, Layin Msufini.