Na ga jar saniyarki a kasuwar Filinge

Zuwa ga uwar gidana, Ta-Sanam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki, mijinki ne ke rubuto miki, da hannun nan da kike yi wa dariya lokacin da nake zuwa makarantar dare da furfurata. Yau ina da labari mai daɗi, amma sai kin bari na fara da marar daɗin.

Kin tuna jar karsana mai farin goshi da kika ba jikanmu Buba, ɗan ɗiyarmu Hadiza, shekarar da ya fara bin shanun ubansa Bafulatani? Kin ja kunnensa kin ce, "Wannan ba ta sayarwa ba ce, ko yunwa ta kai ka ƙasa." Ya riƙe maganar har ya girma, ya yi aure, ya tafi da garke arewa, can bakin iyakar Mali.

To, ran kasuwa na gan ta a hannun dillali. Ta tsufa, amma tsagar kunnen da na yi mata da wuƙata tana nan. Dillalin ya ce shi ma saye ya yi, bai san mai ita ba. Kin san abin da mutane ke tunani yanzu idan saniyar makiyayi ta iso kasuwa babu shi. Wayarsa ta daɗe ba ta shiga. Hadiza ta daina cin abinci, maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa.

Na ce ba zan karɓi ta'aziyyar wanda ban ga kabarinsa ba.

Motar kasuwa ta kai ni Abala, daga nan na hau amalanken masu gishiri. Wani soja ya duba katina ya ce, "Baba, can ba wurin tsofaffi ba ne." Na ce masa ni ma ban so ba. Gonakin hatsi suka ƙare, sai ciyawa har ƙirji da itacen aduwa jefi-jefi. Na ga barewa, na ga zabin daji, ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Garin ƙarshe da muka isa ɗan ƙarami ne: gidajen laka kaɗan, masallaci, da ƙarfen waya da ya daina aiki. Bayan rijiyarsu kuma sai daji har wata ƙasa.

A bakin rijiyar na same shi, Ta-Sanam. Yana jan guga, da ransa, da lafiyarsa, har ya yi ƙiba! Nan take na zauna cikin taɓo. Na tambaye shi dalilin sayar da saniyarki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, bana ciyawa ta yi kyau." Na sake tambaya, ya ce ruwa ma ba laifi.

Kakar matarsa ce ta fitar da ni duhu. Ta ce haihuwa ta zo wa yarinyar da gardama, sai da aka kai ta asibiti a amalanke, saniyar ce ta tsaya musu har uwa da ɗa suka tashi. Na ce me ya hana shi aiko da saƙo? Tsohuwar ta tafa hannu ta ce, "Kai Bahaushe, ka taɓa jin Bafulatani ya yi shelar ɗan fari? Kunya za ta kashe shi!"

Ashe kunya ce ta kusa kashe mu mu duka.

An miƙo mini yaron a ƙofar bukka. Buba ya juya mana baya wai yana gyara igiya, amma na kama shi yana leƙowa ta ƙasan malafarsa. Yaron ya damƙe gemuna ya ƙi saki. Kin zama kakar uba, ke da ko jikan ba ki ga aurensa ba. Na san da kina nan, da kanki za ki ja saniyar zuwa kasuwa.

Da na dawo, Hadiza ta yi kuka, ta zagi ɗanta, sannan ta ce a ɗumama mata tuwo.

Allah ya haskaka kabarinki, ya raya mana yaron nan, ya mai da zaman lafiya dajin da suke kiwo, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Naki har gobe,
Tsohon da kika bari da jikoki.